Yadda na saka wa tsohuwar kwamfutarmu katin girafik, da kuɗin da na rasa kafin na gane hanya

Kwamfutar Dell OptiPlex 7010 ce, irin siririyar nan da ake kwantarwa a kan tebur a ɗora monita a samanta. Ƙirar 2012 ce, ta hannu na saye ta, kuma ta yi shekaru tana buga takardu a ɗan shagona a Kano kafin na samu wata kwamfutar na mayar da ita gida. Furosesarta Core i5-3470, RAM ɗinta 4GB, ba ta da katin girafik, wato abin da ke sarrafa hoton da ke fita a monita, sai ɗan wanda aka haɗa a cikin furosesa, wato Intel HD 2500. Ƙanena da ke zaune a wurina yana aji biyar na sakandare a lokacin, kuma duk ɗan abin da ya samu a gidan gem yake ƙarewa, wani lokaci sai bayan ƙarfe 10 na dare zai shigo. Ban ga laifin wasan ba, don ni ma na buga PES a zamanina. Daren da yake yi a waje ne ya hana ni sakewa. Sai na ce tunda ga kwamfuta a ajiye, bari mu gani ko za ta iya. Muka saka mata PES 2021, ya buɗe da ƙyar, 'yan wasa suna motsi kamar ana jan su da igiya, ka danna fas sai ƙwallo ta bar ƙafa bayan an riga an ƙwace ta. Yaron ya ajiye fad ɗin a hankali ya ce, "Yaya, wannan sai an sa mata kati." Daga nan tafiyar ta fara, a watan Janairun 2024, kuma ina rubuta ta ne dalla-dalla saboda na san akwai masu irin wannan kwamfuta da yawa da za su bi ta inda na bi.

Fitata ta farko kasuwa na je hannu rabbana, ban ɗauki kwamfutar ba, ban ma buɗe ta na ga cikinta ba. Abin da na riƙe a kaina guda ɗaya ne, wai a nemi kati mai GB da yawa. Shago na farko aka miƙo mini GT 710 mai 2GB, na biyu aka ɗauko GT 730 an rubuta 4GB ɓaro-ɓaro a kwalinsa. Yaron shagon ya ce, "Oga, wannan 4GB ne fa, babu gem ɗin da ba zai ɗauka ba." Saura kaɗan na biya. Abin da ya tsayar da ni kawai shi ne na ga kuɗin da ke aljihuna bai cika ba. Daga baya na fahimci cewa GB ɗin nan kamar girman sito ne, bai gaya maka ƙarfin injin da ke aikin ba. GT 710 an yi shi ne don ya fitar da hoto a ofis, ba don wasa ba. Shi kuwa GT 730 suna ɗaya ne a kan kati iri uku, kuma wanda aka fi lafta wa 4GB na DDR3 ɗin nan galibi shi ne mafi tsufa da rauni a cikinsu, mai 2GB na GDDR5, wani nau'in ma'ajiya da ya fi DDR3 sauri, ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. A ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na dawo gida da niyyar in cika kuɗi in koma.

A daren ne na ci karo da talla a intanet: GTX 1050 Ti mai 4GB, sabo dal a kwali, Naira 48,000. Na ɗan bincika na ga ana yabon wannan kati, an ce tun fitowarsa a watan Oktoban 2016 shi ne abokin masu ƙaramin ƙarfi, ba ya buƙatar wata wayar wuta ta daban. Kuma na ga wasu suna sayar da na hannu a fiye da ninki biyu na wannan kuɗi. Da a ce na tsaya na tambayi kaina dalilin da sabo zai fi tsoho araha haka, da maganar ta ƙare a nan. Amma zumuɗi ya riga ya shiga. Na yi magana da mai kayan ta WhatsApp, ya turo hotuna da bidiyon kati a cikin wata kwamfuta, sunansa ya fito a sikirin daidai yadda aka tallata. Ya ce yana Legas, in tura kuɗin kaya da Naira 5,000 na mota. Na yi taransifa da safe. Kwana uku ina kiran lambar direba, yau a ce motar ta lalace a hanya, gobe a ce ta shigo amma ba a sauke kaya ba. Rana ta huɗu na je tasha, na yi kusan awa biyu a tsaye a cikin ƙurar hunturu kafin yaron mota ya zaƙulo wani ɗan kwali da aka naɗe da salatif. Babu rasit, babu komai, sai sunana da lambata da aka rubuta da maka.

Da muka buɗe kwamfutar a gida, matsala ta farko ta bayyana tun kafin a kunna wuta. Katin ya fi gidan tsayi. Ƙarfen bayansa ya zarce bakin kesin da kusan yatsu biyu, murfi ba zai rufu ba, ƙarfen ma ba zai zauna a gurbinsa ba. Ashe siraran kwamfutocin ofis irin tawa gajeren kati suke ɗauka, mai ƙarfen baya kamar santimita 8, shi kuwa cikakken kati nasa ya kai 12. Ƙanena ya ce mu cire ƙarfen mu bar murfin a buɗe. Na ƙi, don ina tsoron mu ƙona bod ɗin gaba ɗaya. Washegari na ɗauki kwamfutar da katin a bayan babur na kai wa wani mai gyara da wani abokina ya yi mini kwatancensa, dattijo ne mai haƙuri, shagonsa cike da matattun bod a rataye.

Bai ma saka katin a ko'ina ba tukuna. Ya juya shi ya kalli bayansa, ya ɗora yatsa a kan shuɗin soket ɗin VGA, inda ake soka wayar monita, ya ɗago ya ce, "Malam, nawa ka saye shi?" Na faɗa. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri." Gabana ya faɗi. Ya bayyana mini cewa katunan GTX na jerin 10 sun daina fitar da hoto ta tsohuwar hanyar VGA, don haka in ka ga 1050 Ti da wannan shuɗin soket, ka fara zargi. Sannan ya nuna mini faifan CD da ke cikin kwalin, ya ce masu wannan aiki suna haɗawa da tsohon direba ne, wato manhajar da ke sa kati aiki a Windows, saboda sabon da ke shafin Nvidia ba zai yarda da katin ba. Ya saka shi a wata babbar kwamfuta, ya buɗe wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z. A saman shafin, gaban sunan katin, ga kalmar FAKE nan a rubuce. Ya sa tsinken biro yana nuna mini layi-layi. Inda ya kamata a ga ƙwayoyin aiki 768, an ga 192. Inda ya kamata a ga GP107, sunan injin da ke cikin katin, wani suna ne daban na tsohon ƙarni. Abin da na saya GTS 450 ne, katin 2010, aka sauya masa bayanin da ke cikinsa don ya riƙa gaya wa Windows ƙarya. Hatta 4GB ɗin ba gaskiya ba ne. Ya kunna wani gem don in gani da idona, minti kaɗan ana tafiya, da wasan ya nemi wurin ajiya fiye da ainihin abin da katin ke da shi sai hoton ya wargaje ya koma ɗigo-ɗigo masu launi, komai ya tsaya. Na zauna a kan benci na kasa cewa komai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na riga na gaya wa yaron cewa yau za a yi wasa a gida.

Na kira mai kayan daga nan cikin shagon. Da farko ya ce kwamfutata ce ba ta da kyau. Na tura masa hoton sikirin. Ya ce in mayar da kayan Legas da kuɗina, in ya duba zai dawo mini da rabi. Kafin in yanke shawara, bayan kwana biyu, lambar ta daina shiga, tallar ma ta ɓace. Naira 53,000 ta tafi ke nan, ga 2,000 da na ba mai gyara, wadda ita kaɗai ce kuɗin da na kashe a wannan zagaye da ta yi mini amfani.

Don kuwa dattijon bai bar ni na tafi haka ba. Ya jawo kwamfutata ya buɗe, ya ce in matso in karanta takardar da ke manne a jikin fawa fak, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta. An rubuta 240W. Ya ce in duba ko akwai wata waya mai baki shida da ke lilo ba a soka ta ko'ina ba. Babu. Ya ce to wannan ya yanke hukunci: duk katin da zan saya dole ya zama wanda ke shan wutarsa daga ramin bod kaɗai, kuma ramin nan iyakar abin da aka tsara ya bayar 75W ne. Ya yi lissafi a bayan wani kwali, furosesa 77W, kati 75W, sauran tarkace kaɗan, ya ce fawa fak ɗin zai ɗauka in dai lafiyarsa ƙalau. Ya gargaɗe ni game da RX 580 da ke yawo da araha a kasuwa, ya ce kati ne mai ƙarfi amma yana neman wajen 185W da wayarsa ta daban, ba zai ma shiga gidan ba, kuma da yawansu sun sha wahala a hannun masu haƙar kuɗin kirifto dare da rana. Sai ya lissafa mini waɗanda ake samu gajeru: GT 1030, GTX 750 Ti na 2014, RX 550, GTX 1050 Ti, GTX 1650 na 2019, da RX 6400. Game da na ƙarshen ya ce layuka huɗu kacal yake amfani da su, an yi shi ne don sababbin bod masu PCIe 4.0, a tsohuwa irin tawa mai 3.0 zai rasa wani ɓangare na gudunsa. Na rubuta duka a wayata. Ya ƙara da cewa furosesata ba abin rainawa ba ce, don i5-3470 ɗin nan ita ce Konami, kamfanin da ya yi wasan, ya rubuta a matsayin mafi ƙanƙantar abin da PES 2021 ke buƙata. Wannan magana ta kwantar mini da hankali, don na fara tunanin ko kwamfutar ce gaba ɗaya ba ta da sauran amfani.

Sai da na yi wata biyu da rabi ina tara kuɗi. A tsakanin nan Naira ta faɗi warwas a watan Fabrairu, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, kuma kullum na tambayi farashi sai in ji ya ƙaru. Bayan ƙaramar Sallah, a watan Afrilu, na koma kasuwa. Wannan karon kwamfutar tana hannuna, GPU-Z da FurMark, manhajar da ke gwada juriyar kati, suna cikin filasha a aljihuna, kuma na sa wa raina cewa ba zan fitar da ko sisi ba sai na ga katin yana aiki a cikin tawa na'urar. Shaguna biyu suka ƙi yarda, ɗaya ya ce ba a buɗe kwali sai an biya. Na yi godiya na wuce. A na uku aka kawo GT 1030 gajere, tsaf da shi, farashinsa daidai aljihuna. Muka saka, na buɗe GPU-Z, na duba layin nau'in ma'ajiya: DDR4. Nan ma akwai tarko, ko da yake wannan ba jabu ba ne. GT 1030 na asali da ya fito a 2017 GDDR5 gare shi, yana jigilar bayanai 48GB a daƙiƙa. A 2018 aka fitar da wani mai DDR4 da suna iri ɗaya, nasa bai kai 17GB ba, kuma a wasanni da yawa kusan rabin gudun na farko yake yi. Mai shagon da kansa ya leƙo ya ce wallahi bai san akwai bambanci ba, kuma na yarda da shi.

Shi ne ya ce in ba shi minti talatin, akwai wani maƙwabcinsa da ke da 1050 Ti gajere na hannu. Na jira fiye da awa ɗaya, aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, sannan yaro ya dawo da kati a cikin leda. Na fara juya bayansa kamar yadda na ga dattijo ya yi: babu shuɗin soket. Dogon ƙarfe ne a jikinsa, na tambayi gajeren, aka sake aika yaron ya je ya nemo, don in babu shi katin zai riƙa rawa a raminsa. Muka ɗaura, ya zauna daram, murfi ya rufu. Muka kunna, sikirin ya yi baƙi ƙirin. Zuciyata ta sake bugawa, sai mai shagon ya yi murmushi ya zare wayar monita daga soket ɗin bod ya mayar da ita jikin katin, hoto ya fito. GPU-Z ya nuna GP107, ƙwayoyi 768, GDDR5, 4096MB, babu wata kalmar gargaɗi. Na kunna FurMark na bar shi minti 20 ina kallon zafi yana hawa har ya tsaya a digiri saba'in da wani abu, na kasa kunne ko fanka za ta yi ƙara, na zuba ido ko ɗigo zai fito a hoton. Babu abin da ya faru. Aka fara ciniki daga 140,000, muka tsaya a 125,000. Na ce a rubuta mini rasit da lambar jikin katin da garantin mako ɗaya. Ya ce, "Alhaji, ai mun zama ɗaya." Na ce na sani, amma a rubuta. Ya rubuta ya sa hannu.

A gida wani abu ya sake tasowa wanda ya kamata in hango tun a shago: monitarmu tsohuwa ce, VGA kaɗai take da shi, ga shi katin gaskiya ba shi da VGA. Ƙaramin adafta na DVI da nake da shi bai yi aiki ba, saboda soket ɗin katin DVI-D ne, ba ya ɗauke da tsohon sigina. Sai da na koma washegari na sayi kwanbata mai juya HDMI zuwa VGA, irin mai ɗan inji a ciki, Naira 4,500. Direban katin kuma na sauko da shi kai tsaye daga shafin Nvidia, ya haura 600MB, na bari sai tsakar dare lokacin da data ke araha. PES ya tashi lafiya lau, sumul, yaron ya buga wasa uku a jere bai ce uffan ba, sai da ya ci wata ƙwallo ya juyo ya ce, "Yaya, ya fi na gidan gem." Amma da muka saka GTA V sai ga tsaiko, mota na gudu sai hoto ya daskare na ɗan lokaci, wani lokaci titi ma bai gama fitowa ba an riga an hau shi. Na ɗauka katin ne, na kira dattijo. Ya tambaye ni RAM nawa ne, da kuma ko har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki. Na ƙara 4GB na DDR3 a 7,000 ya zama 8GB, sanda biyu a ramuka masu launi ɗaya kamar yadda ya ce, na sayi SSD, ma'ajiyar da ta fi faifai mai juyawa sauri, mai 256GB a 25,000 na mayar da Windows kansa. Tsaikon ya tafi. Kwamfutar da ke ɗaukar kusan minti biyu kafin ta gama tashi ta koma tashi kafin ka gyara zama.

In na haɗa duka, har da asarar farko, na kashe Naira 216,500, kuma 53,000 a ciki kuɗin rashin sani ne zalla. Wanda zai bi wannan hanya, ya fara da buɗe kwamfutarsa kafin ya buɗe walat: ya ga tsayin gidan, ya karanta takardar fawa fak, ya duba ko akwai waya mai baki shida, ya kalli irin soket ɗin da ke bayan monitarsa. Waɗannan abubuwa huɗu su ne za su gaya masa katin da zai nema, sunan da ke tashe a intanet ba zai gaya masa ba. Kada yawan GB ya ruɗe shi, ya tambayi nau'in ma'ajiyar da adadin ƙwayoyin aiki, ya gwada su da abin da kamfanin ya wallafa. Sunan da Windows ke nunawa ba hujja ba ce, bidiyon da mai kaya ya turo ma haka, don jabun da na saya ya ci wannan jarrabawa duka biyu. In ya zama dole a sayo daga wani gari, a samu wanda aka yarda da shi a can ya je ya gwada kafin kuɗi ya fita. Ni a ganina ma, wanda kuɗinsa bai kai na kati mai kyau ba gara ya fara da SSD da RAM ya ci gaba da tari, da ya sayi GT 710 don kawai a ce akwai kati. Kuma a yi wa yara bayanin iyakar abin tun farko. FIFA 23 ya sa 1050 Ti a matsayin mafi ƙarancin kati, amma furosesar da yake nema ta fi tamu sabunta, don haka ban ma wahalar da na'urar a kansa ba.

Sai kula da ita, wanda a garinmu ba ƙaramin aiki ba ne. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, gidan siriri ne, iska ba ta zagayawa sosai, don haka na ɗaga ta daga ƙasa, na matsar da ita daga bango, kuma na hana wasa da tsakar rana. Bayan kowane hunturu nakan buɗe in busa ƙurar da ta toshe fankar katin, za ka yi mamakin abin da ke fitowa. Na sa mata sitabilaiza, kuma ba a kunna ta da ƙaramin janareta in firji yana kai.

Har yau tana aiki, yaron ya gama sakandare, abokansa ne ma ke zuwa gidan yanzu, ina jin ihunsu daga ɗakina. Abin da ke gabana shi ne Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar furosesar da ta girmi ƙarni na takwas a hukumance, tamu kuwa ta uku ce. Don haka na cire duk wani abu na banki da na shago daga cikinta, ta zama ta wasa kawai. Jabun katin kuwa na kai wa dattijo, ya rataye shi a jikin bango kusa da teburinsa, yana nuna wa masu zuwa tambaya shuɗin soket ɗin.